Lemon da Ya Zo Ta Hagu

Ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da Koci Imma ya karɓe safar hannuna ba, ana gab da take wasa, fili ya cika ya batse, ga kuma mutumin da ya taso takanas daga wani babban kulob don ya kalle ni. Ku sababbin ma'aikatan sashen wasanni kun ishe ni da tambayar abin da ya sa nake jefa wa yara lemo a lokacin hutun rabin lokaci, maimakon a raba musu a faranti kamar mutanen kirki. Har na ji an ce ɗayanku ya ce wai surkulle ne. To ku gyara zama. Ba surkulle ba ne, gado ne, kuma yau zan gaya muku wanda na gada.

A wancan lokacin ina shekarar ƙarshe a wannan kwalejin tamu ta Suleja, ni ne gola kuma ni ne kyaftin. Sunana Habibu, amma in ka shiga gari kana neman Habibu ba mai nuna maka gidanmu, sai ka ce Katanga. Ba yabon kai ba, na iya tsaron raga. Furfurar nan da tumbin nan da kuke gani daga baya suka zo.

Ga waɗanda ba su saba da tsarinmu ba, sashen wasanni yana ƙarƙashin Darakta ne, wanda yawanci malami ne daga cikin manyan malamai, shi ke shiga taro da shugaban kwaleji. Ƙarƙashinsa akwai babban koci, sai mataimakinsa, sai mai kula da kaya. Darakta ke nemo mota da riguna da abincin 'yan wasa. Amma wanda zai shiga fili da wanda zai zauna a benci, wannan bakin koci ne kaɗai. Gasar kwalejoji kuwa ana fara ta ne a shiyya, wanda ya ci kofin shiyya shi ke wucewa gasar ƙasa. Mu a shekarar mun kai wasan kusa da na ƙarshe na shiyya, abin da kwalejin ta daɗe ba ta gani ba, kuma a nan Suleja za a buga.

Babban kocinmu shi ne Koci Imma. Sunansa Emmanuel, iyayensa mutanen kudu ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo mahaifinsa Minna, a can aka haife shi. Yana jin Hausa kamar jakin Kano, sai dai in ransa ya ɓaci sai Hausar ta gudu ta bar shi da Turancin buroka. Yana cikin ɗaliban farko da suka buga wa kwalejin nan ƙwallo. Ɗan baya ne, irin waɗanda ake cewa ƙwallo ta wuce ko mutum ya wuce, amma ba duka biyu ba. Gwiwarsa ta dama ta lalace a wani wasa tun yana saurayi, sai kwaleji ta ɗauke shi mai kula da kaya, daga nan ya zama mataimaki, har ya kai babban koci. Yana ɗingishi, yana da faɗa, yana kuma da wata tsohuwar mota da muka laƙaba wa suna Sai-an-tura. Duk wanda ya makara atisaye, shi ke tura ta ranar.

Al'adarsa ita ce, duk ranar atisaye ko wasa sai ya biya kasuwa ya sayo lemo cikin buhu, a fere masa. In aka busa hutu, sai mu zube a ƙasa, shi kuma ya zauna a kan kujerarsa ta roba, buhu a tsakanin ƙafafunsa, yana magana yana jefa wa kowa nasa. Ba ya kiran suna, ba ya kallon wanda zai jefa wa. Kana cikin sauraron faɗa sai ka ga lemo a iska. Wanda ya kasa cafewa ya sha dariya. Ni kuwa gola ne, abin kunya ne lemo ya kuɓuce mini, kuma tun da na shigo kwalejin bai taɓa kuɓuce mini ba.

A hutun ƙarshen damina aka gayyace mu wasan sada zumunci a Gawu Babangida. Wani ƙato ya ɗirka ƙwallo daga kusa, ta same ni a idon hagu. Na ga taurari, aka yayyafa mini ruwa, na tashi na ƙarasa wasa. Idon ya kumbura, mahaifiyata ta gasa mini da ruwan ɗumi, kumburi ya sace, magana ta wuce. Bayan wasu makonni na fara ganin wani ɗan walƙiya a gefe, musamman in na juya da sauri, da wasu baƙaƙen abubuwa kamar ƙudaje suna yawo. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Na gaya wa mahaifiyata ta ce yunwa ce da rana, in riƙa cin abinci kafin in fita. Ni ma haka na ɗauka, don in idanu biyu suna buɗe, ɗaya yana rufa wa ɗaya asiri.

Ana cikin haka wani wakilin kulob ɗin da ke buga gasar ƙwararru ya gan ni a wasanmu na baya. Ya ce suna neman gola, zai dawo ranar wasan kusa da na ƙarshe, in na yi masa abin da ya gani a baya, zai tafi da ni. Ku fahimci abin da wannan yake nufi a wurina. Mahaifina, Malam Sule, tela ne a bakin kasuwa, kuma tun ina yaro yake ce mini ƙwallo sana'ar marasa aikin yi ce. Rana ɗaya nake nema in nuna masa ba haka ba ne, ga ta kuma ta zo.

A makon wasan, lemo ya kuɓuce mini. Na zauna ta dama da kujerar Koci, wato yana ta haguna, sai kawai na ji abu ya bugi kafaɗata ya gangara. Yara suka kwashe da dariya, wani ya ce, "Katanga ta tsage, jama'a!" Na ce hankalina yana kan wasan Asabar ne. Washegari abin ya sake faruwa. Kowa ya yi dariya ban da Koci. Ya dube ni, ya ci gaba da maganarsa.

Ranar Asabar muna canza kaya a wani ajin makarantar firamare da ke jikin filin, ana jin ganguna da ihun ɗalibai daga waje. Na riga na sa riga, na ɗaure takalma, ina saka safar hannu. Koci ya shigo da buhunsa, ya zagaya ya tsaya can ta haguna. Ban ga lokacin da ya ɗaga hannu ba. Sai dai na ji lemo ya daki kunnena. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, domin Koci bai taɓa jefa lemo kafin wasa ba.

Ya ce, "Kowa ya fita ya ɗumama jiki. Katanga, kai tsaya."

Da suka fita ya jawo benci ya zauna a gabana, gwiwa da gwiwa. Ya ce, "Rufe idonka na hagu da tafin hannu. Kana ganina?"

Na ce, "Ina ganinka, Koci. Har da furfurar da kake ɓoyewa."

Bai yi murmushi ba. Ya ce, "Oya, rufe na dama."

Na rufe. Wallahi har yau ban manta da abin da na gani ba. Fuskarsa tana nan, amma duk abin da ke gefen hagu, taga da allo da rabin ajin, babu su. Kamar an ja baƙin labule daga gefe, har ya kusa taɓa kunnensa. Ya miƙa hannu gefe yana kaɗa yatsu, ya ce nawa ne. Ko hannun ban gani ba, balle yatsun.

Ya sauke hannu ya ce, "Tun Gawu?"

Na ce, "Koci, ba ya ciwo."

Ya ce, "Ban tambaye ka ciwo ba. Ciro safar nan."

Nan na durƙusa masa. Na ce wasa ɗaya ne, na ce zan riƙa juya kai, na ce ranar Litinin da kaina zan je asibiti. Na tuna masa da mutumin kulob. Na ce, "Koci, kai ma ka san irin wannan damar ba ta zuwa sau biyu." Ya ce ya sani, ya fi ni sani ma. Ya dafa gwiwarsa ya ce, "Ranar da wannan ta lalace, tun da safe take mini ciwo. Na ce wa kocina ba komai, shi ma ya ce ba komai, don yana son kofi. Ita gwiwa ana ɗingishi da ita a ci abinci. Ido fa? Ni ba likita ba ne, ban san abin da ke cikin idon nan ba. Abin da na sani shi ne, ba zan tura ka ka riƙa faɗuwa da kai a ƙasa, ana dukanka da ƙwallo a fuska, alhali rabin duniyarka ta ɓace ba."

Ya zare safar daga hannuna da kansa, ya leƙa ta taga ya kira Yohana, wani yaro ɗan Maje da ke shekarar farko, wanda shi ne gola na biyu kuma bai taɓa tsaron raga a babban wasa ba.

Kafin ka ce kwabo labari ya kai rumfar manyan baƙi. Sai ga Darakta ya shigo da babbar rigarsa, yana haki. Mutum ne mai kirki a sauran ranaku, amma ranar shugaban kwaleji yana zaune a rumfa, shi kuma ya riga ya yi masa alƙawarin kofi.

Ya ce, "Mista Emmanuel, me nake ji haka? Habibu, me ya same ka?"

Na yi wuf na ce, "Lafiyata ƙalau, ranka ya daɗe."

Ya juya ga Koci ya ce, "Ka ji da bakinsa. Yaro ya ce lafiyarsa ƙalau, ba jini, ba karaya. Ka bar shi ya buga, bayan wasa ni da kaina zan sa a kai shi asibiti. Umarni ne."

Koci ya miƙe tsaye a kan ƙafarsa mai lafiya ya ce, "Ranka ya daɗe, ofis naka ne, mota taka ce, rigunan nan ma kai ka kawo. In kana so ka karɓi usur ɗin nan yanzu ka ba wani, ga shi. Amma muddin yana wuyana, yaron nan ba zai shiga ba." Da Darakta ya ƙara matsawa, sai Hausar ta gudu, muka ji, "Oga, I say e no go play!" wato ya ce ba zan buga ba. Ɗalibai da ke leƙe ta taga duk sun ji. Darakta ya kaɗa rigarsa ya fita, ya ce za su haɗu ranar Litinin.

Koci ya zaunar da ni kusa da shi a benci. Ina ganin mutumin kulob a rumfa yana tambayar na kusa da shi, ana nuna masa ni da yatsa. Yohana ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya sani, amma wasan ya fi ƙarfinsa. Aka zura masa ƙwallo tun kafin hutu, irin wadda ni ko da barci nake zan kama, ko kuma haka na gaya wa kaina a lokacin. Muka farke, aka sake zura mana ana gab da tashi. Aka fitar da mu a gidanmu, a gaban jama'armu. Ɗalibai suka riƙa jifan benci da ledojin ruwa, suna cewa Koci ya sayar da wasa. Wasu ma suka fara kawo maganar ƙabila da addini, wai ya cire Habibu don ya sa Yohana. Mutumin kulob kuwa ya tafi da lambar wayar golan ɗaya kwalejin. Koci ya miƙe daga benci. Ya tattara ɓawon lemo a buhu, ya je ya dafa kan Yohana da ke kuka a gindin raga.

Ni dai ban yi masa sallama ba. Na tafi gida ina jin duk duniya ba wanda na tsana kamarsa.

Washegari Lahadi da hantsi na ji tarin Sai-an-tura a ƙofar gidanmu. Koci ya fito cikin fararen kayan zuwa coci, ya durƙusa ya gaida mahaifina, ya ce, "Baba Malam, na zo aron ɗanka." Ya yi masa bayanin komai. Ya ce asibitin ido ba ya ganin mutane ranar Lahadi, amma akwai wata likitar ido da ke aiki a Abuja, cocinsu ɗaya, kuma ba ya son a kwana ba ta duba ni ba. Mahaifina ya dube ni ya ce, "Kai, tashi ka bi shi." Na ce ba inda za ni. Ya ce, "Mutum ya zubar da mutuncinsa a gaban gari saboda idonka, kai kana nan kana kumburi? Tashi, kafin in tashe ka." Ƙarshenta ni na tura motar har ta tashi.

Haka na tsinci kaina, ni Habibu ɗan Malam Sule, zaune a mota a ƙofar coci, ina sunkuyar da kai kada wani ɗan unguwarmu ya gan ni ya kai labari. Koci ya shiga ana tsakiyar waƙa, ya fito da wata mata mai ƙaton ɗaurin kallabi, ana kiranta Dokta Ifeoma. Ta ɗauko wata 'yar fitila daga jakarta, ta sa ni rufe ido ɗaya, ta yi ta haskawa tana tambaya. Da na ambaci walƙiya da ƙudaje da labule, sai fara'arta ta ɗauke. Ta ce akwai wata siririyar fata can cikin ido wadda ita ke ɗaukar hoton abin da mutum ke gani, kuma ga alama tawa ta yage ta fara ɓarewa daga gefe, kamar yadda fenti ke ɓarewa a bango. In ta ɓare har tsakiya, idon ya tafi. Ta ce kada in yi gudu, kada in yi tsalle, kada in ɗauki kaya, gobe da sassafe a kai ni babban asibitin ido a Kaduna.

Koci ya ce, "Dokta, da jiya ya buga ƙwallo fa? Gola ne."

Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Ya gode wa wanda ya hana shi." Na kasa ɗaga kai.

Ranar Litinin, ranar da Darakta ke jiransa a ofis, Koci yana kan hanyar Kaduna da ni da mahaifina. Likitocin can suka tabbatar da maganar Dokta Ifeoma, suka ce saura ƙiris ta kai tsakiya. A makon aka yi mini aiki. Na daɗe ina kwance a yadda suka ce in kwanta, ba juyi, mahaifina yana zaune a gefena da carbinsa. Ranar da aka cire bandeji, likita ya rufe mini idon dama ya ce me nake gani. Dishi-dishi na fara gani, sannan na gane hular mahaifina, sannan fuskarsa. Yana kuka, abin da ban taɓa gani ba. Gefen da ya riga ya tafi bai dawo ba har yau, amma tsakiyar ta tsira. Likita ya ce in manta da tsaron raga har abada. Na yi kukan wannan ma, ba zan ɓoye muku ba, amma da idanu biyu na yi shi.

Shi kuwa Koci, da ya dawo ya tarar da takardar tuhuma, wato a nemi ma'aikaci ya kare kansa a rubuce kafin a kai shi gaban kwamitin ladabtarwa. Kwamiti ya zauna, ya ce an yaba masa a kan maganar ido, amma ya yi wa na gaba da shi tsawa a bainar ɗalibai, kuma ya bar aiki ranar Litinin ba izini. Aka sauke shi daga babban koci aka mayar da shi kula da kaya, inda ya fara tun yana saurayi. Na je na same shi a sito yana hura ƙwallaye, na ce zan tara ɗalibai mu yi zanga-zanga. Ya ce, "Ka tara su ku tura mini mota, ya fi mini amfani." Na ce to ya yafe mini. Ya ce, "Me ka yi? Golan da aka cire bai yi fushi ba, ai ba gola ba ne. Zo nan, riƙe famfon nan."

Daga riƙe famfo ya fara tura ni bayan raga in riƙa yi wa Yohana gyara. Ya ce ƙafafuna sun yi ritaya amma bakina bai yi ba. A nan na gane ina jin daɗin koyarwa. Da na gama karatu, shi ya yi ta zarya har aka ɗauke ni mataimakin koci na wucin gadi, kuma don a yi adalci, Daraktan nan da suka yi faɗa shi ya sa hannu, ya kuma kira ni ofis ya ce ya gode wa Allah da ba a bi umarninsa ba. Bayan 'yan shekaru aka mayar da Koci Imma kujerarsa. Na yi aiki a ƙarƙashinsa har ya yi ritaya ya miƙa mini usur. Yohana kuwa ya zama golan da kwalejin nan ba ta sake yin kamarsa ba, da shi muka ɗauko kofin shiyya. Mahaifina, wanda ya ce ƙwallo aikin banza ce, shi ya ɗinka mana tutar da muka shiga gari da ita.

Yanzu Koci yana zaune a Lambata, matarsa tana da shago a kusa da mahaɗar hanya, shi kuma yana zama a ƙofa yana yi wa direbobi gardamar ƙwallo. Kwanakin baya na kai masa ziyara da 'yata ta fari, wadda ke karatun aikin jinya. Ya tsufa, gwiwar ta ƙara tsananta, amma bakin yana nan. Na yi masa tambayar da na daɗe ina son yi. Na ce, "Koci, wai dabarar lemon nan, a wane kwas aka koya maka? Gwajin ido ne tun asali?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wane irin kwas? Gwiwa ce ta hana ni zagayawa in miƙa wa kowa, shi ya sa nake jifa daga zaune. Lalaci ne kawai, Katanga. Amma in ka shekara kana jefa wa yaro abu, ai ka san yadda yake kamawa. Ranar da ya canza, ko dai yunwa, ko budurwa, ko ciwo. Aikinka ka gano wanne ne."

To kun ji. Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Kowa a filin wasa ƙwallo yake kallo, daga mai ganga har shugaban kwaleji. Mutum ɗaya ne aka ɗauka aiki don ya kalli yaran, shi ne koci. Yaran nan kuma ba za su taɓa gaya muku gaskiyar jikinsu ba, domin suna son wasa fiye da yadda suke son kansu, kamar yadda na so. Iyayensu sun ba mu su da ƙafa biyu da ido biyu, haka ya kamata mu mayar da su, da kofi ko ba kofi. Wata rana za ku tsaya tsakanin yaro da abin da ya fi so a duniya, ya tsane ku, jama'a su jefe ku, ofis ya tuhume ku. Ban ce abin da daɗi ba. Amma ni da nake gabanku ina karanta Alƙur'ani da idon nan, na ga fuskar 'ya'yana da shi ranar da aka haife su, kuma duk safiya in na buɗe shi sai na yi wa mutumin nan addu'ar alheri.

Da muka tashi tafiya ranar a Lambata, ya sa aka kawo lemo daga shago. Ina tsaye ta gabansa, ya ɗauki ɗaya yana jujjuya shi a hannu, bai jefa ba. Sai ya dafa sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya ɗingisa ya zagayo ta damana. 'Yata ta ce, "Baba Koci, da ka zauna ai, sai in miƙa masa." Ya ce, "Bar ni, 'yata, na san ta inda yake gani." A lokacin na tuna cewa tun daga waccan Asabar, a duk shekarun da muka yi tare, a fili ko a ofis ko a hanya, bai taɓa tsaya mini ta hagu ba.

Ya jefo, na cafe.